Allah Ya Ja Zamanin Gabatarwa da Gundari da Kammalawa

Yabon gwani ya zama dole, kuma akwai gwanin da aka daɗe ana danne wa haƙƙi a ƙasar Gwandu. Ana wasa manoman shinkafar fadama, ana wasa masu albasar Aliero, har maƙwabtanmu masuntan Argungu suna samun rabonsu duk shekarar da aka yi biki. Amma ban taɓa jin maroƙi ya ɗaga murya ya kambama tsarin da ake koya wa 'ya'yanmu rubutun insha'i da shi ba, alhali duk cikin waɗannan babu wanda ya kai shi cika alkawari. Manomi yakan gamu da shekarar ambaliya, masunci yakan fito ruwa da homa wofi. Shi kuwa tsarin nan bai taɓa saɓawa ba. A ba shi yaro ɗan shekara shida, bakinsa cike da zance, tambaya ba ta ƙare masa, bayan shekara goma sha biyu ya maido maka da saurayi mai ladabi wanda in ka ba shi dalili biyu ba zai san wanda ya kamata ya riga wani a takarda ba. Daga Dalijan zuwa Kambaza, daga Kalgo zuwa Diggi, aikin iri ɗaya yake fita. Irin wannan ƙwazo ya isa a miƙe tsaye a jinjina masa.

Kyawun abin yana cikin sauƙinsa. Malam zai shigo aji, ya ɗauki alli, ya rubuta kalmomi uku a allo, ya ja layi ƙarƙashin kowace: gabatarwa, gundari, kammalawa. Sakin layi ɗaya a sama, uku a tsakiya, ɗaya a ƙasa. Shi ke nan an gama ilimin tsara rubutu, abin da ya rage maimaici ne har a fita sakandare. Don kada yara su wahala, sai malam ya cika allon da samfurin insha'i da hannunsa, su kwafe, su haddace, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa ba su ci ko ƙwaya ba. Amana ke nan. Kanun maganar ma an taƙaita su saboda tausayi: yadda na yi hutuna, ranar da ba zan manta da ita ba, babban abokina, makarantarmu.

Dubi albarkar da ke cikin na hutun nan kaɗai. Yaron da ya ƙare hutunsa a gonar shinkafa yana korar tsuntsaye tun hantsi har la'asar, da yarinyar da ta yi nata tana tallar fura a tasha, da ɗan Fulanin da ya bi shanu har bakin gulbi, ranar da aka koma makaranta za ka tarar dukansu sun je Abuja wurin kawunsu, kawun ya kai su gidan namun daji, sun sha askirim, sun dawo cikin farin ciki. Wace gwamnati ce ta taɓa daidaita ɗan talaka da ɗan mai kuɗi haka? Ga shi kuma an tsare yaran daga babban haɗari. Wanda ya ƙudurta ba da labarin korar tsuntsaye dole ya zauna ya yi tunani. Da me zan fara, da gonar ko da tsuntsayen? A ina zan sa ranar da barci ya sace ni jan-baki suka sauka? In faɗi dukan da na sha tukuna sannan dalilinsa, ko in bar mai karatu ya ji dukan yana tafe? Wannan tunani shi ne tsara rubutu, kuma ciwon kai ne. Kawun Abuja ya ɗauke wa yaro shi baki ɗaya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu buga bulo a bakin hanyar Birnin Kebbi ya san yadda abin yake. Injin bai damu da abin da aka zuba masa ba. Siminti ya isa ko bai isa ba, yashi ne mai kyau ko ƙasa aka ɗebo, da an danna bulo zai fito da kusurwoyinsa da ramukansa gwanin sha'awa. Sai damina ta kankama ake sanin na ƙwarai, lokacin kuwa mai injin ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

Sai 'yan rakiya, waɗanda ba su da na biyu wajen hidima: da farko, na biyu, bugu da ƙari, har ila yau, daɗin daɗawa, saboda haka, daga ƙarshe. Ana ba yara su a jere su haddace, a ce su yayyafa ɗaya a bakin kowane sakin layi. A wurin mutanen da ba su waye ba, ba a cewa saboda haka sai an kafa dalilin da ya haifi abin da ke biye. Mu mun wuce nan. Muna iya ajiye ta tsakanin jimloli biyu da ba su taɓa ko gaisawa ba, kuma maki ya fito. Ga ma gwajin da zai nuna maka ingancin kayan. Ɗauki insha'in ɗalibi kan muhimmancin noma, ka yanke sakin layi ukun nan na tsakiya da reza, ka mayar da na ƙarshe farko, na farko tsakiya, ka sake karantawa. Babu abin da ya motsa. Noma yana samar da abinci, noma yana samar da aikin yi, noma yana kawo kuɗin shiga. Ta ko'ina ka faro daidai ne, domin babu wanda ya jingina da ɗan'uwansa. Rubutun da aka ɗora dalili bisa dalili, in ka zare ɗaya sauran sai su zube, ka ga ai rauni ne. Namu ko ka juya shi ƙasa a sama yana nan daram.

Kammalawa kuwa baiwar Allah ce, ba ta taɓa ba mutum mamaki. Gabatarwa ta ce za a yi bayani a kan muhimmancin noma, ita kuma ta zo ta shaida cewa an yi bayani a kan muhimmancin noma. Mai duba takarda yana iya leƙa sama, ya leƙa ƙasa, ya sa maki, ya ɗauki ta gaba, bai zalunci kowa ba.

Kada a manta da basirar da muka nuna wajen fahimtar jarrabawa. A takardar Turanci ta kammala sakandare, hukumar WAEC tana neman insha'i na kalmomi wajen 450, kuma maki 50 ɗin da ke kansa an raba su huɗu: 10 ga abin da aka faɗa, 10 ga tsari, 20 ga sarrafa harshe, 10 ga ƙa'idojin rubutu. Wani marar dabara zai ɗauka goman nan ta tsari tana nufin tunani ya bi tunani, kowane sakin layi ya riƙe batu ɗaya ya miƙa wa na gabansa. Mu mun gano gajeriyar hanya. Tsari shi ne adireshi a kusurwar dama, kwanan wata a ƙarƙashinsa, kan magana da layi a ja, sa hannu a inda aka ce a sa. Wata guda ana koyar da inda waƙafi yake zama a adireshi, kuma yara sun ƙware. Shiga ɗakin jarrabawa ka ga kawuna a duƙe, bakin biro yana tsalle daga kalma zuwa kalma, ana ƙirga. Tambayar da ɗalibinmu ya iya ita ce, "Malam, layi nawa za mu cikawa?" Ba za ka ji ya ce, "Malam, wa za ya karanta shi, mi yake buƙatar ya sani?" ba. An yi masa tarbiyya.

Kuma kada wani ya raina wahalar aikin, domin yaran nan ba fanko suke zuwa makaranta ba, sai an yi da gaske ake kwashe abin da suka zo da shi. Yarinyar da ta kalli fim ɗin Indiya na fassara da daddare, washegari a bakin rijiya za ta ba ƙawayenta labarinsa tiryan-tiryan, ta san sirrin da za ta riƙe sai can ƙarshe, ta san inda za ta koma baya ta ce, af, na manta ban gaya muku uban nan ba shi ya haife shi ba. Yaron da ya dawo daga gidan kallon ƙwallo ya san ba a farawa da ƙwallon ƙarshe. Kowane ɗayansu ya taso yana jin tatsuniya, ya san Gizo ba ya shan duka sai ya yi ƙarya tukuna, kuma in mai ba da labari ta tsallake wata gaɓa, yaran da kansu za su tsayar da ita. Duk wannan sanin tsari ne, a kunne da baki. Raba yaro da shi ba ƙaramin jihadi ba ne, amma alhamdu lillahi kafin aji uku na ƙaramar sakandare an gama. Ko Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda aka buga a Zariya tsakanin 1937 da 1939, mun san yadda muka yi da ita. A littafi na farko kowane labarin aku yana da aikin da yake yi, wato riƙe Musa ɗan sarki kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, a na uku kuma akun ne zaune yana koya wa ɗansa yadda ake ba da labari. Darasin tsari ne a fili. Mu sai muka mayar da shi tambayar cike gurbi: mene ne sunan sarki, a wane gari aka yi.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, yana kwance a hubbarensa a garin Gwandu tun 1829, bai riski wannan sauƙi ba. In ka duba littattafansa sai tausayinsa ya kama ka, domin bawan Allah bai samu ƙwarangwal guda da zai riƙa zuba komai a ciki ba. Kowane littafi sai ya zauna ya auna wanda zai karanta da abin da ya kawo shi, sannan ya yanka masa siffar da ta dace da shi.

Wajen 1807, da ransa ya ɓaci da yadda wasu suka juya jihadi neman duniya, ya kama hanyar gabas. Mutanen Kano suka tare shi, suka nemi ya rubuta musu abin da za su riƙa dubawa wajen tafiyar da mulki. Sai ya yi musu Diya'ul Hukkam, ya bi muƙamai tun daga shugaba, sharuɗɗan mai riƙe kowanne da abin da ya hau kansa, yadda alƙali ko hakimi zai buɗe ya tarar da matsalarsa a mazauninta. A 1812 da ya so ya ambaci waɗanda ya ɗauki ilimi a wurinsu, a Ida'un Nusukhi, sai ya bi malaman ɗaya bayan ɗaya: mahaifinsa da ya koya masa Alƙur'ani, sannan yayansa Shehu wanda ya karɓe shi yana ɗan shekara goma sha uku, sannan saura, kowa da littattafan da aka karanta a gabansa. Shekara ta zagayo, a 1813, ya tattara waƙoƙinsa a Tazyinul Waraƙati. Nan kuma sai ya jera su bisa zamani, kafin kowace waƙa ya yi bayanin abin da ya faru har aka yi ta, ta yadda mai karatu zai shiga neman waƙa ya fito da tarihin jama'ar Shehu, da wa'azi, da hijira, da yaƙin Tabkin Kwatto na 1804. Littafi uku, siffa uku. Wace irin wahala ce wannan!

Tafsiri ma bai bar kansa ya huta ba. Ya rubuta Diya'ut Ta'wil mai faɗi don manyan almajirai, da ya ga akwai waɗanda ba za su iya ɗaukarsa ba sai ya sake wani gajere, Kifayatu Du'afa'is Sudan, ya gina shi kan ruwayar Warshu wadda ita ce mutanen ƙasar nan suke karatu da ita. Batu ɗaya, masu karatu iri biyu, sai ya yi aiki sau biyu. Nahawu da sarfu kuma, tun da ya san haddace su za a yi, sai ya ƙulla su a waƙe, a Bahrul Muhiɗi da Hisnur Rasin. Shi kansa Shehu Usmanu, a 1806 lokacin da yake zaune a Gwandu, ya kammala Bayanu Wujubil Hijra cikin fasali 63. Me ya sa 63? Don maganar ce ta kai nan. Da an samu mai duba aiki irin na yau da ya maido masa da shi ya ce a matse shi ya koma biyar.

Zaurukan da suka gada daga gare su ma haka suka riƙa gajiyar da almajirai. A ba ka matani gajere, a zo da sharhi ya buɗe shi, a nuna maka dalilin da ya sa babin tsarki ya riga babin salla, domin sallar ba ta yiwuwa sai da shi. Littafi ya kasu babi-babi, babi ya kasu fasali-fasali, fasali ya ƙunshi mas'aloli, in marubuci ya ga inda mai karatu zai iya zamewa sai ya tsaya ya ce tanbihi, in wani amfani ya faɗo masa a gefe ya ce fa'ida, don kada ya gauraya shi da asalin zance. Har akwai ɗabi'ar nan ta marubuci ya tsaya ya ce, in ka ce kaza, sai in ce maka kaza, wato ya hango musun mai karatu tun bai buɗe baki ba, ya ba shi mazauni a cikin rubutun. Mai son waƙa kuwa a sa shi tahamisi, kamar yadda Abdullahi ya yi wa waƙar yayansa ta begen Annabi: a ba ka baitin malami, ka gina ɗango uku a gabansa, da amsa-amonsa da karinsa, su zo su sadu da nasa kamar tare aka haife su. Ba ka iya wannan sai ka gane inda baitin ya fito da inda ya nufa. Mu yanzu da wa za a yi wannan dogon turanci, ga allo ga alli ga kalmomi uku?

Garin ya yi suna a kan littafi har Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, ya tarar da kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tambutu, ya duƙa kwana da kwanaki yana ɗebo abin da zai kai Turai. Mutum ya ƙetare Sahara don ya kwafi littafi a Gwandu. Yau Allah ya hutar da baƙi, kwafar ta dawo hannunmu, kuma ba sai an ƙetare komai ba, titi kawai za a tsallaka zuwa shagon kwamfuta.

Wannan ya kawo mu ga babban yaya, sarkin tsari, mai babi biyar. Ilimi mai zurfi ya matso kusa da gida. Tun 2013 akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, mazauninta yana Unguwar Jeji a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ga jami'ar jiha a Aliero, ga kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga kwalejin horon malamai ta Adamu Augie a Argungu. Yaron Gwandu ko Kalgo ba sai ya yi nisa ba. Kuma duk inda ya shiga, nan ko Sakkwato ko Zariya ko Legas, ƙarshen karatunsa zai sadu da al'adar da ta game Nijeriya, kundi mai babi biyar. Babi na ɗaya gabatarwa, da dalilin bincike, da manufarsa, da muhimmancinsa, da farfajiyarsa. Na biyu bitar ayyukan da suka gabata. Na uku hanyoyin gudanar da bincike. Na huɗu abin da aka gano. Na biyar kammalawa da shawarwari.

Asalin wannan jeri daga masu binciken kimiyya ne, kuma a can yana da hujja. Wanda ya gwada taki iri biyu a kan shinkafa dole ya faɗi tambayarsa, ya faɗi yadda ya yi gwajin don wani ya iya maimaitawa, ya kawo abin da ya fito, sannan ya fassara shi. Hazaƙarmu ita ce da muka gane abin da ya yi wa taki daidai zai yi wa kowa. Mai nazarin waƙoƙin Sani Aliyu Ɗandawo babi biyar, mai tarihin masarauta babi biyar, mai nazarin hukuncin gado babi biyar. An huta da tambayar nan mai tayar da hankali, wai wace siffa ce maganata take nema.

Babi na biyu shi ne abin alfaharinmu. Wane a shekara kaza ya yi aiki a kan kaza. Aikinsa yana da alaƙa da wannan bincike domin duka suna magana a kan waƙa, sai dai sun sha bamban domin shi ya yi a kan wane, wannan kuwa a kan wane. Sai a sauko layi. Wance a shekara kaza ta yi aiki a kan kaza. Haka za a yi ta jera bayin Allah shafi bayan shafi, babu wanda aka haɗa da wani, babu wanda aka ce ya yi daidai ko ya kauce, babu inda aka nuna giɓin da suka bari wanda ya sa wannan aiki ya zama dole. Zumunci ya fi haka? Kowane babi ya buɗe da shimfiɗa mai faɗin abin da za a yi, ya rufe da naɗewa mai faɗin abin da aka yi. Shawarwari kuma a shirye suke tun kafin a fara binciken: gwamnati ta ƙara himma, masu hannu da shuni su taimaka, iyaye su sa ido. Tun da siffar ba ta canzawa, kundin da aka yi a kan matsalolin manoma a Jega yana iya zama na Kalgo cikin awa ɗaya, sunan gari kawai za a musanya a kwamfuta. Wani lokaci tsohon sunan yakan maƙale can cikin babi na huɗu, amma ba komai, wa zai kai can? Abin dubawa shi ne faɗin gefen takarda, da launin bango, da shafin sadaukarwa.

Zai zama rashin adalci a tattara yabon nan duka a kan malamin aji, domin shi ɗan aike ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare. Waɗanda suka ga cewa malami ɗaya zai iya da ninkin haka, a aji uku ko huɗu, da albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, su ne suka fi cancantar tambari. Koyar da tsari na gaskiya yana bukatar malam ya karanta abin da yaro ya rubuta, ya kira shi ya ce, wannan maganar ta riga lokacinta, mayar da ita ƙasa, wannan kuma me ya haɗa ta da ta sama? Yaro ya koma ya sake, malam ya sake karantawa. Wanda aka jibga wa tarin littattafan da ya fi ƙarfin jakarsa ba shi da wannan lokacin, dole ya nemi abin da zai duba da kallo ɗaya. Su kuma kwalejojin da suka horar da shi da irin wannan tsarin suka yaye shi. Kowa ya ba da gudummawarsa, Allah ya saka wa kowa daidai aikinsa.

Zamani ma ya zo ya gaskata mu. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, wayar hannu tana iya zubo gabatarwa da gundari da kammalawa kan muhimmancin noma kafin mutum ya gama gyara zama, da bugu da ƙarinta da har ila yau ɗinta, babu kuskuren rubutu ko ɗaya. Mun shekara goma sha biyu muna horar da yaro a kan aikin da na'ura take yi cikin ƙiftawar ido, abin da na'urar ba ta sani ba kuwa, wato abin da ya faru a gonarsu da unguwarsu da yadda za a jera shi har wani ya fahimta, shi ne muka hana shi taɓawa. Hangen nesa ya wuce haka?

Ina rubuta wannan zuciyata tana ƙuna, domin na san inda bulon nan yake zuwa bayan ya bar makaranta. Yana zuwa asibiti, a takardar da ma'aikacin lafiya na ƙauye zai haɗo majiyyaci da ita, likita ya karanta bai gane me ya fara ba, zazzaɓin ko maganin. Yana zuwa ofishin 'yan sanda da kotu, inda mai gaskiya zai rasa gaskiyarsa saboda wanda ya rubuta bayaninsa ya sa ƙarshe a farko. Yana zuwa takardar koken ƙungiyar manoma, shafi biyu na gaisuwa da godiya da muhimmancin noma, abin da ake nema yana can layin ƙarshe inda babu mai isa. Jikokin mutanen da suka rubuta wa Kano yadda ake mulki ne yau suke biyan mai shago ya rubuta musu takardar neman aiki.

To, tun da abin yana tafiya yadda ake so, wajibi ne a yi hattara da masu son ɓata shi, don akwai su. Akwai malamar da za ta shigo aji ta ce a rufe littafi, wani ya tashi ya ba da labarin gobarar da aka yi a kasuwa, sannan ta tambayi sauran, da me ya fara, me ya sa, da ya fara da wancan fa? A sa mata ido. Akwai malamin da zai yanka labari mai kyau gunduwa-gunduwa ya raba wa yara ya ce su mayar da shi yadda yake, kuma kowa ya kare dalilinsa. Akwai wanda zai ba da batu ɗaya ya ce a rubuta shi sau biyu, ɗaya zuwa ga kaka, ɗaya zuwa ga hakimi, don yara su ga da idonsu cewa mai karatu ne yake yanka wa rubutu siffa. Akwai mai cewa kafin ka rubuta komai faɗa mini maganarka a jimla ɗaya, in ba ta faɗu ba ajiye biro ka koma ka yi tunani. Akwai wanda zai bar yara su fara tsara tunaninsu da Hausa kafin su juya shi Turanci. Mafi haɗari shi ne wanda zai ɗauko fassarar Tazyinul Waraƙati da fihirisar Diya'ul Hukkam ya ajiye su gefe da gefe, ya ce wa 'yan aji shida, mutumin garinku ne ya rubuta duka biyun, ku gaya mini abin da ya sa bai jera su iri ɗaya ba.

Irin waɗannan malamai, ranka ya daɗe mai kula da ilimi, a gaggauta ƙara musu ɗalibai har su rasa lokacin numfashi. In aka yi sake yaro ɗaya ya fito daga hannunsu, wata rana zai zauna ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takarda a kan rijiyar burtsatsen unguwarsu. Layin farko zai faɗi ranar da aka ba da kwangilar. Na biyu zai faɗi kuɗin da aka ce an fitar. Na uku zai faɗi abin da ke wurin yau, da sunayen waɗanda suka gani. Na huɗu tambaya ce guda ɗaya, gajeriya, wadda ba ta da ƙofar baya, kuma zai aika kwafi ga mai martaba da gidan rediyo. Daga nan sai wani ya ba da amsa.